Kiɗa Daga Bayan Katanga

Talata, 24 ga Yuni, bayan la'asar

Yau da kaina na share falo, na goge lasifikan nan biyu. Tun ranar Asabar ba wanda ya taɓa su. Suna tsaye dama da hagun talabijin, dogaye, baƙaƙe, tsawonsu ya kai ƙirjina. Shi ya kawo su kafin Sallah, a keke, yana rungume da su kamar ya ɗauko marasa lafiya daga asibiti. Ya ce don babansu ya daina manna kunne a talabijin in ana labarai. Ba su da tarkacen igiyoyi, kowace da igiyar wutarta kawai, injinta na cikinta. Ta dama ke kamo sauti daga talabijin ko daga wayar hannu, ta miƙa wa ta hagu ta iska. Ƙanwarsa Fauziyya ya yi wa wannan bayanin, ni ina kicin ina ji. Duk bayaninsa daga wani ɗaki nake jin sa.

Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma a takarda zan fara ba. Yayansu. Shi kuma Malama yake ce mini, kamar ɗalibaina.

Babansu ya ce kada ya sake taka masa gida. A gaban baƙi ya faɗa. Ba zan rubuta abin da kawunsa ya fara cewa game da aikin sitidiyo ba, ba kuma zan rubuta amsar da yaron ya ba shi ba. Da Dada na raye da tuni an wuce wurin. Ita ta haifi babansu, ita ta ɗauke yaron tun yaye, ita ke da bakin yin magana a kansa. Bara muka rufe ta. Uwa ba ta roƙa wa ɗan fari. Ba a taɓa ji ba a gidanmu, ba a taɓa ji ba a nasu.

Laraba, 25 ga Yuni, bayan asuba

Na dama kunun mutum huɗu. Mu uku ne.

Juma'a, 27 ga Yuni, da yamma

Ina falo ina duba takardun gwajin 'yan aji huɗu, hadari ya taso ta gabas, ɗakin ya yi duhu mai sanyi. Sai lasifikar dama ta yi wani ɗan sauti, ƙwal, kamar an ɗiga ruwa a tasa. Fitilarta da ke fara ta koma shuɗiya. Kiɗan gurmi ya cika falon. Ba ƙara ya yi ba, kusa ya zo, kamar mai gurmin na zaune a bayan kujerata, har ina jin yatsansa na gogar tsirkiya. Kafin in ajiye biro ya yanke.

Na yi a'uziyya, na ƙwala wa Fauziyya kira. Ta shigo tana dariya.

"Inna, ba aljanu ba na. Bulutut na. Waya biyu kaɗai ta sani, tawa da ta Yaya. In ɗaya ta matso sai ta kama da kanta."

Na ce, "To taki ta."

Ta duba tata. A kashe take, ba caji tun safe. Dariyar ta tsaya mata a fuska.

Na ce, "Ina iyakar inda take kamowa?"

"Ba ta wuce lungun baya."

Ta fita ba takalmi. Ta dawo tana haki, ta ce bayan mashin kawai ta gani yana shan kwana wajen mai faci.

Ban leƙa ba. Na ba wata yarinya maki a amsar da ban karanta ba, sai da na dawo na gyara.

Asabar, 28 ga Yuni, da magariba

Fitilar fara ce tun safe.

Lahadi, 29 ga Yuni, bayan la'asar

Ta yi shuɗi. Yau ba kuskure ba ne, don ya daɗe.

Ruwa ya sa mana. Gulbi. Wani na tuƙa kwalekwale a hankali, filafili na shiga yana fita, can nesa mata na bugun wanki a kan dutse, wani tsuntsu na kuka sau biyu ya huta. Kwalekwalen ya taso daga lasifikar hagu, ya ratsa ta gaban teburina, ya shige ta dama. Wallahi na ɗaga ƙafafuna daga kan dadduma.

Fauziyya ta ce aikinsa ke nan da ake zagi. Yana yawo da wata 'yar na'ura mai hular gashi, yana ɗaukar sautin wurare, masu fim da gidajen rediyo su saya. Wannan Rima ce, ta ce, bayan gada. Shekarata nawa a garin nan ina wuce gadar a mota, ban taɓa jin ta ba sai yau a falona.

Ya san lokacin da ya zaɓa. Babansu na masallaci wajen karatun la'asar har kusan magariba.

Ban leƙa ba. Tagar tana nan, tsayina ya kai. Ban leƙa ba.

Litinin, 30 ga Yuni, lokacin tara a makaranta

Bahijja 'yar aji biyar ta zo ofishina tana kuka. Tana son karatun likita, babanta ya ce ajin kimiyya na ɓata lokaci, ta koma inda yayyenta suka bi. Yarinya mai kai! In ka ga yadda take zana zuciya da jijiyoyinta sai ka rantse daga littafi ta yanko. Na share mata hawaye da gefen mayafina, na ce ta kwantar da hankali, ranar Laraba zan je Arkilla in ga baban da kaina. Na san yadda ake shiga irin waɗannan iyaye. Ba ka fara da yarinya, kana fara da yabon gidan.

Da ta fita, Hafsat da muke ofis ɗaya ta ture mini ƙullin gyaɗa.

"Lauyar ɗiyan mutane. Wanga wata gida nawa kinka shiga?"

Na ce aikina ne.

"Awo, aikinki na. Ga gida guda nan Mabera, naki, ko kuɗin keke ba ki biya, kin kasa shiga."

Na ce, "Hafsat, ke Bakano kika aura, kunyarki ta tafi da lefe."

Muka yi dariya har ta sarƙe da gyaɗa. Aka kaɗa ƙararrawa. Na shiga aji na rubuta kwanan watan jiya a allo, yara suka gyara mini.

Alhamis, 3 ga Yuli, bayan la'asar

Baban Bahijja ya yarda. Har lemo ya aika aka sayo mini.

Yanzu da an tashi makaranta ba na tsayawa hira. Ina wanka, in yi la'asar, in shimfiɗa dadduma tsakanin lasifikan biyu, daidai inda ya nuna wa Fauziyya ya ce nan sautin ke haɗuwa. Shekaranjiya kasuwar Kara ya kawo mana, shanu da dillalai da wani mai fura yana rantsuwa. Jiya keken ɗinki da rediyon tela. Yau ruwan sama a kan kwano, alhali rana ake yi a waje, har maƙwabciyarmu ta fito kwashe shanya.

In na rufe ido ina ganin ranar da aka yaye shi. Dada ta zo da zanen goyo sabo, mai ruwan ganye. Na miƙa shi ina kallon bango, don haka ake yi. Ya riƙe mini ɗan kunne, sai da aka ɓamɓare yatsunsa. Daga baya in sun zo gidan, nakan ajiye masa ƙashin bargo a ƙasan tuwo, in ce Dada na zuba wa. Ita kuma ta ce, "Oh, haƙoran da ban da su anka ba ƙashi?" ta tura masa kwanon.

Ashe ana iya zama da mutum haka, katanga a tsakani, shi yana sawa ni ina ji. Ba mu taɓa yin hira mai tsawon ta makon nan ba.

Asabar, 5 ga Yuli, da hantsi

Fauziyya na tsefe kai a tsakar gida, ta yi maganar kamar da madubi take yi.

"Yaya na unguwar Gidan Dare, ɗakin Bawa abokinsa, mai jan tirelar shanu. Asabar ta sama da ta sama Bawa zai yi lodi zuwa Legas. Yac ce tare za su tafi. Akwai sitidiyon da ke nemansa."

Na ce, "Wa ya tambaye ki?"

"Ba kowa. Da matsefi nikai."

Na ce ta bar gashi a ƙasa, ta share. Ta ce in ya tafi da maganar Baba a kansa ba zai dawo ba, ta san halinsa, ai halin Baba ne. Na ce ta share nake cewa.

Legas. Daga can ba abin da zai kamo.

Lahadi, 6 ga Yuli, da yamma

Kasuwar kifi, ina jin. Ban saurara da kyau ba.

Talata, 8 ga Yuli, bayan magariba



Bai zo da la'asar ba. Babansu ya dawo daga masallaci, ya zauna kallon labarai, na kai masa ruwa na zauna daga bakin ƙofa. Mai labarai na cikin magana, ƙwal. Bakin mutumin na ta motsi ba murya. Fitila shuɗiya.

Sai Dada.

Ba addu'a take ba, ba nasiha ba. Kaji take kora daga kan shanyar gero. "Kss! Ku ji min 'yan banza, kun biya haraji?" Sai ta yi dariyar nan tata da ke ƙarewa da tari. Ta ce da wani, "Kai kuma kauda abin nan daga bakina, mi kaka ɗauka?" Tana nan a falon, daga dama, kusa da taga, har ƙarar munduwarta.

Babansu bai motsa ba. Na ga wuyansa kawai. Sannan ya tashi, ya zare igiyar ta dama, ya zare ta hagu, ya nannaɗe kowace a hannu a hankali kamar rawani, ya ajiye a kansu.

"Da uwata zai yi mini roƙo?"

Bai ci tuwo ba.

Na san abin da yaron ya nufa. Ya nemo mai bakin magana a kansa ne. Amma bai san babansa bai taɓa kuka a kanta ba, ko ranar da aka kai ta.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan la'asar

Ba fara, ba shuɗiya. Na ji mashin ya tsaya a lungu, ya jima, ya tafi.

Ban leƙa ba.

Alhamis, 10 ga Yuli, da safe

Ya ce wa Fauziyya ta kira mai keke a kai wa mai kaya kayansa. Ta ce ruwan jiya ya cika Mabera, keke ba ta shigowa layinmu. Gaskiya ne, amma ta ƙara gishiri. Ya ce to in ya janye.

Talabijin da muryarta ta dā, siririya kamar sauro a gwangwani. Ya koma jawo kujera gabanta yana karkata kunne.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan azahar

Na yi barcin rana na yi mafarki falon ya cika da ruwa har gwiwa, mai haske, ana ganin dadduma a ƙasa. Lasifikan na tsaye a ciki kamar giginya. Ina ta neman inda zan jona su, bango duk babu soket. Ban ji tsoro ba. Na farka ina jin sanyi a ƙafa.

Asabar, 12 ga Yuli, da hantsi

Na yi.

Ya gama karin kumallo, yana yanke farce a ƙofar ɗakinsa. Na durƙusa. Na shirya zan fara da yabon gidan, yadda nake yi wa iyayen yara. Na shirya zancen Dada, da zuriya, da abin da mutane za su ce. Duk suka gudu.

Na ce, "Malam, kan yaron nan na zo."

Ya ɗago ya dube ni kamar na fito tsakar gida ba ɗankwali.

"Wane yaro?"

Na ce, "Ɗana."

Kalmar ta fito da nauyi, kamar ba Hausa ba. Kunnuwana suka yi zafi.

Ya ce, "Ke? Ke ka roƙa mai? Ina kunyar da anka san ki da ita?"

Na ce ta tafi da Dada, mai yi mana roƙon. Na ce ya yi laifi, ban ce bai yi ba, a kira shi a yi masa faɗa, a sa ya je ya durƙusa wa kawunsa. Amma Asabar mai zuwa tirela za ta tashi daga Kara. Na ce, "Sau ɗaya na miƙa shi ina kallon bango. Wannan karon ba wanda zan miƙa wa."

Ya ci gaba da yanke farcen da ya riga ya yanke. Na tashi na shiga kicin na wanke tukunyar da ke wanke.

Lahadi, 13 ga Yuli, da magariba

Ina kwana, lafiya lau. Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan.

Talata, 15 ga Yuli, bayan la'asar

Na dawo makaranta na tarar da falo ya canja. Lasifikar dama ta bar gefen talabijin, tana can jikin taga ta lungu, igiyarta a miƙe da ƙyar ta kai soket. Fitila fara.

Fauziyya ta ja ni kicin tana toshe baki.

"Baba na. Yac ce, wace ce mai kamawa cikinsu? Nac ce ta dama. Yac ce ta tare mai iskar fanka, in kama mai mu gusa ta. Inna, fanka na sama!"

Na ce ta rufe mana baki. Na ce in tana magana da masu lasifika, ta ce musu an jona.

"Masu lasifika," ta ce. "To, Hajiya."

Labarai yau duk sun karkace, mai magana na talabijin, muryarsa na taga. Babansu ya kalla har ƙarshe.

Laraba, 16 ga Yuli, da yamma

Ta aika masa. Ya gani, bai amsa ba.

Fara.

Alhamis, 17 ga Yuli, da yamma

Fara. Babansu bai je karatun la'asar ba, ya ce ƙafarsa. Muka zauna a falo, shi da carbi, ni da takardun da na riga na duba. Duk mashin da ya wuce sai carbin ya tsaya.

Fauziyya ta ce Bawa ya sa hoton tirela a waya, an wanke ta.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan magariba

Bari in bi shi daki-daki.

Tun saukowa daga masallaci ake ruwa, irin mai tsayawa tsaye. Lungun baya ya zama rafi, ina jin robobi na karo da katanga. Na cire rai. Na ce ko mahaukaci ba zai fito ba. Babansu na falo da singileti, ya cire hula, yana gyangyaɗi. Ni ina kicin ina tankaɗe.

Ƙwal.

Rariya ta tsaya a hannuna.

Da farko ban gane muryar ba. Mace ce, tana cewa, "Bakwai sau shida?" Yara suka amsa a tare, wani ya yi kuskure, matar ta yi dariya ta ce, "A'a, sarkin sauri, sake lale." Yaran maƙwabta ne da nake tarawa ran Asabar a tsakar gida. Ni ce. Ban san ya taɓa ɗauka ba, ban ma san yana gida ba a irin ranakun. Ashe haka nake dariya.

Ruwan ya hana ta kamawa sosai. Muryata ta zo, ta yanke, ta zo rabi, ta yanke. Bakwai sau... shiru. A'a, sarkin... shiru.

Na ji kujera ta yi ƙara. Na ga babansu ya ratsa tsakar gida, ba hula, ba lema, ba takalmi, mutumin da ko zaure ba ya fita kai a buɗe. Ƙofar gida ta buɗe. Na matsa jikin bangon kicin, shi ne ya yi baya da lungu.

"Kai!"

Shiru, sai ruwa.

"Kai, da kai nikai! In abu za ka sa muna, shigo ka sa shi da kyau. Yankewa shikai, ya dame mu."

Na ji ana tura mashin cikin ruwa.

Babansu ya fara shigowa, jiƙe sharkaf, ya wuce falo ya zauna kamar ba shi ya fita ba. Muryata a lasifika ta daina yankewa. Yaran suka kai bakwai sau tara.

Yanzu suna falo su biyu. An yi faɗa, na ji sunan kawu, na ji "gobe da safe za ka je," na ji "to, Baba." Goben da tirela za ta tashi. Maganar Legas ban ji an yi ba, jakar dai Fauziyya ta kwance daga bayan mashin ta kai ɗakinsa, kayan ciki duk sun jiƙe, ga su a igiya. Babansu na ta atishawa yana cewa a mayar masa da lasifika wurinta, ta tare taga.

Abu ɗaya ya rage ban rubuta ba.

Da yaron ya iso bakin zaure ya tsaya. Ruwa na zuba daga gemunsa, ya rame. Wannan karon na duba. Ya yi sallama, muryar can ƙasa. Babansu na falo, ya yi kamar kunnen ne bai ji ba. Fauziyya ta buɗe baki ta kasa, kuka ya riƙe ta. Ya sake yi. Sallamar ta tsaya a tsakar gida cikin ruwa, ba mai ɗauka. Tun yana ɗan mitsitsi in ya yi sallama wani ke amsawa, ni in sunkuyar da kai in ci gaba da abin da nake.

Na ga ya ja ƙafa ɗaya baya.

Na fito daga kicin da garin tuwo har gwiwar hannu, na amsa masa, cikakkiya, har wa barakatuhu.